Nuna Mini Aya Ɗaya: George Gillespie da Tsohuwar Rigimar Kirsimeti

Bara, ana saura kwana uku Kirsimeti, ƙanena ya iso gida daga makaranta. Muna tsakar gida, Mama ta baje kwaɓin cincin a kan faifai tana murza shi da kwalba, yara suna yayyankawa, hayaƙin murhu yana shiga idon kowa. Ko jakarsa bai gama ajiyewa ba ya ce shi bana ba zai je sujadar ranar 25 ba, kuma kada a ɗinka masa komai. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yaya, nuna mini aya ɗaya a Littafi Mai Tsarki inda aka ce a yi bikin haihuwar Yesu. Ɗaya tak." Mama ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta ci gaba da murzarta.

Ban nuna masa ba, domin babu ita. Matiyu da Luka sun ba da labarin haihuwar, amma ba wanda ya faɗi rana ko wata a cikinsu, kuma manzanni ba su bar umarnin a riƙa tunawa da ita duk shekara ba. Shaida mafi daɗewa da ake da ita game da 25 ga Disamba ta fito ne daga wani kundin kwanakin birnin Roma, kuma tana nuna ana kiyaye ranar wajen shekara ta 336. Har gobe ikilisiyar Armeniya 6 ga Janairu take yi. Saboda haka tambayar yaron tambaya ce mai nauyi, kuma ba a kansa aka fara ta ba. Wanda na san ya fi kowa ƙoƙarin tsara ta da hujja wani matashin malami ne na ƙasar Sikotilan, George Gillespie, kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce. Na daɗe ina jujjuya maganarsa a raina, kuma ga inda na tsaya: ya yi gaskiya ranar da ya ce sarki ba shi da ikon tilasta wa mutane biki, ya kuma ɓata rawarsa da tsalle ranar da shi da mutanensa suka sami iko suka hana bikin da ƙarfin hukuma.

Gillespie ɗan ikilisiyar Firesbiteriya ne. Sunan ya samo asali daga kalmar Helenanci mai nufin dattijo, domin su dattawan da jama'a suka zaɓa ne ke riƙe da ragamar ikilisiya, babu bishop a samansu. Daga cikinsu ne masu bishara suka sauka Kalaba a 1846 ƙarƙashin Hope Waddell, daga baya kuma Mary Slessor ta biyo. Tun zamanin John Knox, jagoran gyaran ikilisiya a Sikotilan, suna da wata ƙa'ida da suke riƙe da ita hannu bibbiyu: a sha'anin sujada, duk abin da Allah bai umarta ba, ba a yinsa. Mabiyan Luther da ikilisiyar Ingila sun ɗauki wata hanyar, wato abin da Allah bai hana ba ana iya yinsa idan yana da amfani. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san kamannin wannan gardama, don ya ji maƙwabtansa Musulmi suna yin irinta a kan Maulidi, wasu na cewa bidi'a ce, wasu na cewa nuna ƙauna ne. Ba hurumina ba ne in shiga tasu. Na ambata ne kawai don mai karatu ya gane cewa mu ma muna da tamu, kuma ta tsufa.

Tun a 1560, takardar tsarin ikilisiya da Knox da abokansa suka rubuta ta lissafa Kirsimeti cikin ranakun da mutane suka ƙirƙiro, waɗanda ya kamata a kawar. A 1566 aka aiko musu da wata takardar shaidar bangaskiya daga birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, wadda malamin can Heinrich Bullinger ya rubuta. Suka karanta, suka ce sun yarda da komai, sai wuri ɗaya: inda ta yaba da tunawa da haihuwar Almasihu da mutuwarsa da tashinsa a ranaku na musamman. Wannan kam suka ce ba da su ba.

Sai sarauta ta shigo ciki. Sarki James, wanda ya haɗa gadon mulkin Sikotilan da na Ingila a 1603, yana son ikilisiyoyin ƙasashen biyu su zama iri ɗaya. A 1618 ya sa aka tara babban taron ikilisiya a garin Perth, aka matsa wa wakilai lamba har suka amince da abubuwa biyar. A ciki akwai durƙusawa yayin karɓar Jibin Ubangiji, akwai kuma kiyaye ranakun Kirsimeti, Jumma'ar gicciye, Ista, hawan Yesu sama da Fentikos. Majalisar ƙasa ta mai da su doka a 1621. Ranar Kirsimeti aka ce a rufe shaguna a tafi majami'a. Wasu 'yan kasuwar Edinbara suka buɗe nasu da gangan, suka zauna a bakin ƙofa kowa na gani. Fastocin da suka ƙi bi, wasu aka tuɓe su, wasu aka kore su daga garuruwansu.

A cikin wannan yanayi Gillespie ya girma. An haife shi a Kirkcaldy a 1613, mahaifinsa fasto ne, ya yi karatu a jami'ar St Andrews. Da ya gama, bai yarda bishop ya ɗora masa hannu don naɗa shi fasto ba, saboda haka ya zauna yana koyarwa a gidajen manya ba tare da ikilisiya tasa ba. A 1637, yana ɗan shekara 24, ya fitar da wani babban littafi a kan waɗannan al'adun da aka ɗora wa ikilisiyar ƙasarsu. Ba a sa sunansa a jiki ba, kuma a ƙetare aka buga shi aka shigo da shi a ɓoye. A shekarar ce aka yi tarzoma a majami'ar St Giles ta Edinbara saboda sabon littafin addu'a da Sarki Charles, ɗan James, ya aiko. Hukuma ta ba da umarni a tattara littafin Gillespie a ƙone. Wutar ba ta hana komai ba. Shekara ta gaba babban taron ikilisiya a Glasgow ya soke dokokin Perth, ya kuma tuɓe bishop-bishop.

Abin da ya ja ni ga wannan yaro, don yaro ne a lokacin, shi ne yadda ya kama bakin zaren. Masu goyon bayan sarki sun ce ai waɗannan abubuwa ba su da wani nauyi, yinsu da barinsu duk ɗaya ne, to me zai hana a bi sarki a zauna lafiya? Shi kuwa ya ce musu, in dai har yi da bari ɗaya ne, me ya sa ake tuɓe fasto a kansu? Daga ranar da aka sa hukunci a kan abin da Allah ya bar wa mutum zaɓi, an mai da shi farilla ke nan, kuma ba wanda ke da ikon ƙirƙiro farilla sai Allah. Ya kawo maganar Littafin Fitowa cewa kwana shida mutum zai yi aikinsa, ya ce wannan 'yanci ne da Allah ya ba talaka, wa zai ƙwace masa kwana ɗaya a ciki da sunan tsarki? Ya kawo gargaɗin Bulus ga Galatiyawa a kan kiyaye ranaku da watanni da lokatai. Ya kuma kawo labarin Sarki Hezekiya, wanda ya farfasa macijin tagulla da Musa ya yi, duk da cewa Allah ne ya sa aka ƙera shi tun farko, saboda mutane sun koma suna ƙona masa turare. Abin nufinsa, ko abu mai kyau ne, in ya zama tarko, a kawar da shi.

A kan batun tilas, ban ga inda za a kayar da shi ba. Na kuma gane haka ne a gida, ba a takarda ba. Da labarin ƙanena ya bazu, wani dattijo a ikilisiyarmu ya zo har gida da yamma, ya zauna a kan tabarma, aka kawo masa ruwa. Bayan gaisuwa ya ce wa Mama in yaron nan bai zo sujada ranar Kirsimeti ba, shi zai kai maganar gaban dattawa a sa shi ƙarƙashin horo, ya koma bencin baya. Na ji zuciyata ta yi zafi. Na ce masa, "Baba, da girmanka, wace doka ya karya? Bai yi sata ba, bai yi fasikanci ba, ranar Lahadi ba ta wuce shi. In an kira shi gaban dattawa ya sake cewa a nuna masa aya, wace za a buɗe?" Ya yi shiru, can ya ce ai al'adar ikilisiya ce tun kakanni. Wannan amsa ita ce dai amsar da mutanen Sarki James suka bayar. Bulus kuwa ya riga ya yanke maganar a Romawa sura 14: wani yana ɗaukaka wata rana fiye da wata, wani yana ganin duk ranaku ɗaya ne, kowa ya tabbata a zuciyarsa, kada wani ya hukunta bawan da ba nasa ba.

Akwai kuma wata tilas ɗin da ba dattijo ke yi ba, ido ne ke yi. Na san matan da ke cin bashi a Disamba don ɗinkin yara da buhun shinkafa, su kai Ista ba su gama biya ba. Na san magidancin da ke ƙin zuwa ƙauye saboda ba shi da abin rabawa, yana jin kunyar a ce ya dawo hannu rabbana. Idan ranar da aka ce ta tunawa ce da wanda aka haifa aka kwantar a komin dabbobi ta zama ranar da matalauci ke ɓuya, to maganar macijin tagulla ta shafe mu, kuma ya kamata fastocinmu su faɗe ta daga kan bagade ba tare da kwana-kwana ba.

Amma reshe ya juye da mujiya. Mutanen Gillespie suka hau mulki, suka kuma ɗauki sandar da aka doke su da ita. Dama tun kafin zuwan dokokin Perth sun nuna halinsu: a 1574 dattawan ikilisiya a Aberdeen sun gurfanar da mata goma sha huɗu saboda sun yi rawa da waƙoƙi a ranar Kirsimeti. A 1640 majalisar Sikotilan ta yi dokar soke hutun Kirsimeti da duk wani kiyaye shi. A 1643 aka tura Gillespie Landan cikin wakilan Sikotilan a babban taron malamai na Westminster, shi ne ƙaraminsu, tare da Alexander Henderson da Samuel Rutherford da Robert Baillie. A Disambar wannan shekara wakilan Sikotilan sun so taron ya zauna aiki ranar Kirsimeti, malaman Ingila suka ƙi, sai suka bi ta hannun abokansu a majalisar dokoki, ita ta zauna. A 1644 ranar 25 ta faɗo a kan ranar azumin wata-wata, majalisa ta ce azumi za a yi. Jagoran sujada da taron ya fitar a 1645 ya ce ranakun biki da ba su da tushe a maganar Allah ba za a ci gaba da su ba. A 1647 majalisar Ingila ta soke Kirsimeti da Ista da Fentikos ɗungurungum. A Disambar wannan shekara magajin garin Canterbury ya ce dole kasuwa ta ci ranar Kirsimeti, jama'a suka yi bore, aka farfasa shagunan da suka buɗe, gari ya rikice.

Ka duba abin. A 1618 hukuma na cewa dole ka rufe shagonka. A 1647 hukuma na cewa dole ka buɗe shi. Mai shagon dai shi ne, kuma a duka biyun ba wanda ya tambaye shi abin da ke zuciyarsa.

Ba zan iya wanke Gillespie daga wannan ba, ko da ina so. A 1645 an fitar da wata ƙaramar takarda tasa inda ya kare ikon hukuma na hukunta masu karkatacciyar koyarwa, ya kuma soki masu kiran a bar kowa da lamirinsa. Mutumin da ya rubuta shafuka masu yawa a kan 'yancin Kirista, ashe 'yancin da yake nufi shi ne na wanda ya yarda da fassararsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na san zamaninsa ne, kusan kowa a Turai ta wancan lokaci yana ganin addinin ƙasa ɗaya ne kuma takobi ke tsaronsa. Amma a zamanin nan nasa akwai irin su Roger Williams, wani malamin Ingila da ya koma Amurka, da suka ce a'a, kuma Gillespie ya san da su, ya ba su amsa, ya ƙi.

Ko a fagen nassi ma, a ganina hujjarsa ta tsaya a rabin hanya. Ta isa ta nuna cewa Kirsimeti ba farilla ba ce. Ba ta isa ta nuna cewa zunubi ce ba. Littafin Esta sura 9 ya nuna Yahudawa sun kafa wa kansu Furim don tunawa da ceton da Allah ya yi musu, alhali ba ta cikin bukukuwan da Musa ya bayar. Yahaya sura 10 ya nuna Yesu yana zagawa a shirayin Sulemanu a Haikali lokacin idin tsarkakewa, a lokacin sanyi, idin da aka kafa a zamanin Makabiyawa, ɗaruruwan shekaru bayan Musa. Gillespie ya san waɗannan wurare, ya ce kasancewar Yesu a wurin ba ya nufin ya amince da idin. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Yesun da ya kifar da teburan 'yan canji ba mai ganin ɓarna a Haikali ya yi shiru ba ne. Sannan shi kansa jagoran sujada na 1645 ya yarda a keɓe ranakun azumi da na godiya idan wani babban abu ya faru. To in ikilisiya na iya keɓe rana ta gode wa Allah don an ci yaƙi ko annoba ta wuce, me zai hana ta keɓe rana ta gode masa don Kalman, wato Almasihu, ya zama mutum? 'Yan'uwansu na Holan, masu bin koyarwa iri ɗaya, sun riƙe Kirsimeti da Ista da Fentikos a tsarin da suka yi a babban taron malamai na garin Dort na 1618 zuwa 1619, ba su kuma zama masu bautar gumaka ba.

Wannan ɓangaren na faɗa wa ƙanena a daren da muka zauna mu biyu a ƙofar ɗaki, domin ya fara maimaita abin da ake koya musu a wata ƙungiyar addu'a, cewa duk mai yin Kirsimeti gunkin rana yake bauta wa. Na ce masa, "Kai, dubi Mama. Shekara nawa tana tashi da asuba ranar nan, ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta tafi tana waƙar mala'iku da makiyaya? Wace rana take bauta wa? Kana da ikon ka zauna a gida, zan kuma tsaya maka a gaban kowa. Amma ba ka da ikon ka kira uwarka mai bautar gunki." Bai ce komai ba, ya daɗe yana wasa da murfin biro.

Gillespie bai yi tsawon rai ba. An zaɓe shi shugaban babban taron ikilisiya a 1648, ya rasu a Disambar shekarar a garinsu Kirkcaldy, yana da shekara 35. Da sarautar da aka kawar bayan yaƙin basasa ta dawo a 1660, Kirsimeti ta dawo Ingila, aka kuma sa aka farfasa dutsen kabarinsa a 1661. Sandar ta sake komawa hannun wancan ɓangaren ke nan. A Sikotilan kuwa koyarwarsa ta yi saiwa, har bayan da dokar ta daina aiki. Shekaru aru-aru ranar 25 ga Disamba ranar aiki ce kamar kowace, ma'aikatan haƙar kwal da na ƙera jiragen ruwa suna fita da safe, mai kai wasiƙu yana zagaye. Sai a 1958 ta zama ranar hutu ga kowa. Amma son haɗuwa da dangi a tsakiyar sanyi bai mutu ba, sai ya koma daren sabuwar shekara, wanda suke kira Hogmanay, bikin da babu sunan Almasihu a cikinsa. Wannan kam ina ganin hasara ce, kuma hanin ne ya jawo ta.

A Amurka magadansa sun riƙe maganar da baki, ba da doka ba, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Samuel Miller, malami a makarantar tauhidi ta Princeton, ya rubuta a 1835 yana bayyana dalilan da suka sa 'yan Firesbiteriya ba sa kiyaye ranakun idi. A 1899 babban taron ikilisiyarsu ta kudancin ƙasar ya sake cewa Kirsimeti da Ista ba su da tushe a Nassi a matsayin ranaku masu tsarki. Amma a daidai wannan zamani wani fastonsu na New York, Henry van Dyke, yana rubuta labaran Kirsimeti da jama'a ke rububin karantawa, kuma shi ya jagoranci kwamitin da ya shirya wa ikilisiyar arewa littafin sujada a 1906. Ba a ƙone littafin kowa ba, ba a fasa kabarin kowa ba. Aka yi ta gardama a rubuce da kan bagade, yawanci suka karɓi bikin, 'yan kaɗan suka ƙi, kuma har yau a tsibiran arewa maso yammacin Sikotilan akwai ƙananan ikilisiyoyin Firesbiteriya da ba sa buɗe ƙofa ranar 25 ga Disamba sai in ta faɗo Lahadi. Ina girmama su. Sun riƙe abin da suka gaskata ba tare da ɗan sanda a bayansu ba.

Abin da nake roƙo ga shugabannin ikilisiyoyinmu na nan bai wuce wannan ba. Masu yi su daina auna bangaskiyar mutum da zuwansa sujadar ranar, su kuma rage wa talaka nauyin da bikin ke ɗora masa. Masu bari su koyar da dalilinsu a fili, su daina raba yara da iyayensu da kalmar gunki. Tambayar "ina ayar?" a bar matasa su yi ta, a kuma amsa musu da gaskiya, ko da amsar ita ce babu.

Dattijon nan bai kai maganar gaba ba. Ranar Kirsimeti muka tafi sujada, ƙanena ya zauna a ɗaki da Littafinsa. Da muka dawo wajen azahar, Mama ta zuba shinkafa da miya da soyayyen nama a kwanoni goma sha biyu, ta rufe kowane da faifai, kamar yadda take yi duk shekara don maƙwabta, waɗanda su ma ke aiko mana da tuwo da naman layya in Sallah ta zo. Ta leƙa ɗakinsa ta ce, "Auta, ƙafata na ciwo. Zo ka kai wa gidan Alhaji nasu." Ya fito, ya sa takalmi, ya ɗauki kwano biyu, ya dawo ya ɗauki biyu, har ya gama layin. Bana ya kira ya ce zai iso ranar 22 ga wata, har yanzu yana kan bakansa game da sujadar, ya kuma tambaya ko a taho da man gyaɗa daga can, don ya ji ya fi araha.